Shekarar da Na Ɗauke Jirgin Yayanku

Rabi, ranar da ake sussukar shinkafa a bayan gida na ji kina ba ƙawarki labari, kina cewa Baba ya taɓa ƙwace jirgin Yaya ya kai Illo, Yaya ya yi wata biyar bai ce masa uffan ba. Ba ki yi ƙarya ba. Na ɗauke jirgin, wata biyar ɗin ma har da 'yan kwanaki a kai. Amma a lokacin shekarunki tara, ƙanenki Isiya ko kaciya ba a yi masa ba, kaɗan kuka gani daga abin da ya faru. Na kuma san har yau akwai masu cewa a gari uwarku ce ta jawo, don ita ta sa aka ɗinke takarda. Wannan maganar ce ta fi ci mini rai, ita ta zaunar da ni a kan wannan littafin aji, ni da ban riƙe biro ba sai da furfura ta fito mini. Ku yi haƙuri da rubutun. A hankali nake yin sa, kamar yadda kuka san ina yin komai.

Haliru shi ne ɗanmu na fari. Yana shekara goma sha huɗu ƙafarsa ta hagu ta fara ciwo a saman gwiwa. Muka ce ƙwallo ce, muka gasa, muka shafa man shanu. Wurin ya kumbura ya yi tauri, har wando ya daina wucewa. Na ɗora shi a babur muka wuce Illo, muka tsallaka iyaka zuwa wurin wani tsoho mai ɗori a ɓangaren Binin, wanda duk ƙasar nan ta san hannunsa. Tsohon ya daɗe yana taɓa wurin, idonsa a rufe. Sannan ya sauke ƙafar a kan tabarma kamar yana ajiye ƙwai.

"Malam Umaru, wanga ba karaya ba ce, ba targaɗe ba. Hannuna bai san shi ba. Kai shi wurin masu hoto, kada ka kwana biyu."

Daga Birnin Kebbi aka tura mu Sakkwato. A can aka ce ciwon daji ne na ƙashi. Aka yanke ƙafar daga cinya, kuma kafin yankan da bayansa aka yi ta ɗura masa magani ta jijiya, wanda suke kira kemo. Kala-kala ne, amma akwai guda ja wur kamar zoɓo, wanda in an sa masa har fitsarinsa ja yake komawa. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, ko warin miya ya ji sai amai. Lokaci-lokaci sukan kwantar da shi su shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, su goga wani ƙarfe, sai ga zuciyarsa a cikin 'yar talabijin, tana buɗewa tana rufewa kamar bakin kifi. Haliru yakan leƙa ya ce, Baba, dubi tarwaɗarka. Kusan shekara muka yi muna wannan zirga-zirga, ni da shi. Uwarku tana gida, Isiya yana goye a bayanta, ke kuma Rabi kina riƙe da zanenta.

Ranar da aka sallame mu, wata nas ta kira ni gefe. Mutuniyar wajen Argungu ce, Hausarmu ɗaya. Ta ba ni kujera ta ce in zauna, ba a tsaye za ta yi maganar ba.

"Baba, saurare ni da kyau. Jan maganin nan shi ya taimaka anka kashe ciwon, amma yakan bar rauni ga naman zuciya. Ba yau za a gani ba, wataƙila ba baɗi ba. Wani sai bayan shekaru. Duk shekara ka kawo shi a yi hoton ƙirjin nan, ko da ka gan shi yana tsere da ƙafa guda."

"Na ji, 'yata."

"Kana karatu?"

"Na allo kaɗan. Boko a'a."

Sai ta juya takardar sallamar, ta rubuta a bayanta da Hausa, ta ce ko wane ɗan makaranta a ƙauye zai iya karanta mini in na manta. Ina so ku riƙe wannan wurin da kyau: da bakinta ta faɗa mini, da kunnena na ji, kuma uwarku ba ta wurin. Amma ta ƙofa ina hango Haliru yana gwada sandunansa, yana dariya da wani yaron gado na kusa, ni kuwa hankalina ya riga ya shiga mota. Da muka iso gida, abin da na faɗa wa uwarku kalma huɗu ce, an ce ya warke. Ban ƙara komai ba. Ban so in zuba mata ko ɗigon tsoro a cikin wannan farin ciki.

Mun koma sau ɗaya bayan wata uku, aka duba aka ce lafiya lau. Daminar shekarar ce ruwa ya ci garin. Ɗakinmu ya zauna, rumbu ya tafi, muka yi wata biyu a ajin firamare tare da awaki. Uwarku ta bar tukwanenta a ruwa, ta bar zannuwan aurenta, amma ta fito da takardar nan a cikin leda, ɗaure a ƙugunta. Gefenta kaɗai ya jiƙe.

Ku 'yan yanzu kuna ganin kunyar ɗan fari kamar wasa ce. A wurin uwarku ba wasa ba ce. Tun da ta haifi Haliru sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Wancan take ce masa, ko mutumin. Ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, ba ta tambayarsa ya jiki. Ranar da na shigo da shi gida da ƙafa guda, kallo ɗaya ta yi masa ta shige madafa, ta zauna cikin hayaƙi har azahar, wai itacen ne ɗanye. Ni ma da haka nake, asibiti ne ya karya mini, don a can sai ka faɗi sunan ɗanka a kowace taga. To mace irin wannan, wadda ba ta da damar ta rungume ɗanta, me za ta yi da takardar da ta dawo mata da shi? Abin da iyayenmu ke yi da duk rubutun da ya zo da waraka, shi ta yi. Ta kai wa baduku ya naɗe ta ƙanƙane, ya ɗinke a jar fata kamar laya, ya sa mata igiya. Ke ta ba, Rabi, kina 'yar mitsitsiya.

"Ungo, kai ma wancan. Ki ce shi ɗaura ga damtse."

Na gani, na kuma ji daɗi. Na ce yanzu ko gulbin duka ya shigo ɗaki, ba abin da zai taɓa ta. Ban tsaya na yi tunanin cewa abin da aka ɗinke ba a karanta shi ba.

Shekara guda Haliru ya yi a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Gona ba ta yiwu ba, sanduna nutsewa suke a laka. Yaron da ke ba ma'aikatan asibiti dariya ya koma ba ya ko amsa sallama da ƙarfi. Yayana, Baffanku Mamman, wanda ke sana'ar ruwa a wajen Illo, shi ya kawo shawara. Ya turo mana tsohon jirginsa na katako da filafili biyu. Ni da hannuna na ɗauki Haliru na zaunar da shi a ciki. A cikin jirgi ba wanda ke tambayar ƙafa. Kafin shekara biyu kafaɗunsa sun buɗe, damtsensa ya cika har sai da aka ƙara wa igiyar layar tsawo. Ranar kasuwa shi ke fiton mutane da buhunan shinkafa, har da babura. A zaune yake fizgo buhu daga gaɓa ya jera. Jirgin inji ba ya shiga mashigarmu saboda ciyawar ruwa, don haka mai ƙarfin hannu shi ne sarki, kuma ba wanda ya kai shi. Ni kuwa ina tsaye a gaɓa ina ta baza haƙora, ina ce wa baƙi ɗana ne.

Ba zan ce maganar nas ɗin ta ɓace mini gaba ɗaya ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya a rubuce. Takan zo mini, musamman in an gama girbi. Sai in dubi ƙirjinsa in ce, wa zai ɗauki wannan ƙato ya kai asibiti, ai sai a yi mini dariya. In ce baɗi. Haka na yi ta cewa baɗi har sau shida.

A shekara ta shidan ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamare, bayan la'asar. Na shiga, don ban manta yadda na riƙa ɓata a asibitin Sakkwato ba, ga rubutu a kan kowace ƙofa, ni kuwa sai na tare mutane da tambaya. Haliru ya samu abin tsokana. In na dawo da littafi a hammata sai ya ce, ɗan makaranta, yau bulala nawa? In ce masa malaminmu ba ya dukan wanda ya haife shi.

Uwarku ce ta fara gani. Wata safiya ta kawo mini kunu a zaure, ta ajiye, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi.

"Malam, mutumin naka ba ya kwanciya."

"Wane mutum?"

"Kai ma ka sani. Zaune shike kwana, jingine ga buhu. Tari nike ji. Kuma takalminshi ya bar shiga, na ga ya yanke maɗaurin."

Macen da ba ta kallonsa a gaban mutane, ashe takalmin da yake cirewa a ƙofar ɗaki take dubawa kullum. Na ce sanyin ruwa ne, duk mai fito yana yi. Na sayo maganin tari, ta dafa masa citta da kanumfari. Bayan sati biyu, ranar kasuwa, ina gaɓa na ga abin da ban taɓa gani ba. A tsakiyar gulbi Haliru ya ɗora filafili a cinya ya sunkuyar da kai. Jirgi ya fara bin ruwa, mata na ciki suna salati. Ya daɗe haka kafin ya ɗago ya ƙarasa. Da ya iso leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa kamar na wanda aka koro.

"Mi ya faru?"

"Hutawa na yi, Baba. Ko jaki ana sauke mai kaya."

Washegari na kai shi ƙaramin asibiti a Kaoje. Ma'aikacin ya sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ya danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa kamar tuwo bai taso ba. Ya dubi guntun cinyar ya tambayi abin da ya ci ƙafar, na faɗa masa. Ya ce wane magani aka ba shi a Sakkwato, ina takardar? Haliru ya ɗaga hannun riga ya nuna masa jar fatar. Mutumin ya ce shi ba ya gani ta cikin fata, kuma in za mu koma Sakkwato, wanda lalle ne mu koma cikin satin nan, su ma za su nema. Haliru ya sauke hannun rigarsa.

"Wannan sai an tambayi Inna."

Na same ta tana tankaɗe. Na ce mata za a buɗe layar. Hannunta bai tsaya ba.

"Shekara shida tana ɗinke, shekara shida lahiya. Wa ya taɓa buɗe laya ya ga daidai? In anka buɗe ciwon ya dawo fa?"

A nan ne na zauna a kan turmi na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun ranar da muka dawo. Na faɗa mata maganar jan magani, da maganar zuciya, da hoton da aka ce a yi duk shekara. Na ce an ma rubuta a bayan takardar, don kada in manta. Rariyar ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe kwalla. Ta fito da sabuwar reza a takardarta, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

"Da ka hwaɗa min, Malam, da ni zan riƙa tuna maka. Ni ba ni mantuwa da abin da ya shahe shi."

Duk zaman da muka yi da uwarku, ba ta taɓa faɗa mini magana mai nauyin wannan ba, kuma a hankali ta faɗe ta.

Na karɓi layar daga Haliru na shiga zaure ni kaɗai. Da na kira ɗan makaranta da ya karanta mini kafin in haɗiye miyau, amma ban so wani ya riga ni ji. Na farke ɗinkin zare-zare. Takardar ta yi laushi, ta ɗauki warin fata da gumi. Gabanta Turanci ne, na juya. Rubutun nas ɗin yana nan, manya-manya, kamar ta san wanda zai karanta. Na sa yatsa ina haɗa baƙi da wasali yadda ake koya mana, in kai ƙarshen layi in manta farkonsa in sake. Daga bayan azahar har aka kira la'asar ina kan layi uku. A kawo shi hoton zuciya duk shekara, ko da lafiyarsa ƙalau. Jan maganin yana iya taɓa zuciya bayan shekaru. In ya fara haki ko kumburi kada a jira. Wannan shi ne rubutun boko na farko da na karanta a duniya wanda ba na allon aji ba. Shekara shida yana ɗaure a damtsen da ke jan filafili.

A Sakkwato aka sake kwantar da shi aka shafa abin nan mai sanyi. Ko ni da ba likita ba na ga bambanci. Zuciyar ta ƙara faɗi, kuma ba ta matsewa da kuzari irin na da, sai ka ce hannun da ya gaji da tatsa. Wannan karon Haliru bai yi maganar tarwaɗa ba. Likitan, wani mai sanyin magana, ya karanta gaban takardar ya ga yawan jan maganin da aka ba shi, ya gyaɗa kai. Ya ce ciwon daji bai dawo ba, mu gode wa Allah. Ya ce naman zuciyar ne ya yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa. Na ce to ashe maganin cuta ne. Ya ce a'a Baba, ba don shi ba da wuya ka samu ɗan da za ka kawo yau. Sai na yi tambayar da ke cina tun daga gida, na ce da na kawo shi duk shekara fa? Ya ce ba zai rantse cewa da ba ta taɓu ba, amma da sun gani tun kafin shi ya ji a jikinsa, da an fara magani tun rauni yana kaɗan. Ya rubuta ƙwayoyi, na fitar da ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki, ya ce shan su ba ranar dainawa. Ya ce a rage gishiri sosai, a bar kanwa. Da muka miƙe, Haliru ya juya wurinsa.

"Likita, fito fa?"

"Tafiya a hankali tana da kyau, zama wuri ɗaya ma ba na so. Amma ɗaga buhu da jan jirgi mai kaya, wannan ka bar shi."

"Har yaushe?"

Likitan ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu dawo bayan wata ɗaya.

Maganin ya yi aiki, kuma aikin da ya yi ne ya kusa cutar da mu. Cikin sati biyu kumburi ya saɓe, ya koma kwanciya a miƙe, takalmi ya shiga. Ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi da filafili a kafaɗa. Na tare shi a ƙofa na lallashe shi, ya wuce. Sati na biyu na kai masa liman, ya saurara da ladabi, ya wuce. Sati na uku ya dawo daga gulbi da hakin nan, na bi shi ɗaki na ce masa don Allah ya dubi uwarsa.

"Baba, ga tudu ni gurgu ne. Cikin ruwa babu wanda ya fi ni ƙafa. Kun ce a yanke guda, na yi shiru, don na san ciwo ne. Wagga da ta rage ba ni ba da ta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni na zaunar da shi a jirgin tun farko. Amma na ga zuciyar nan a talabijin da idona. Na aika wa Baffa Mamman. Wata safiya da Haliru ya tafi Kaoje awon jini, Mamman ya zo ya ɗaure jirgin a bayan nasa ya ja shi zuwa Illo. Da Haliru ya dawo ya sauka gaɓa, turke kawai ya tarar. Ya hawo gida, ina zaure ina jiransa. Ya tsaya a kan sandunansa.

"Kai ne?"

"Ni ne."

Daga nan ne wata biyar ɗin da kike ba da labari suka fara, Rabi. Bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Da safe yakan tsaya a ƙofar zaure ya sunkuyar da kai, ya ɗan jima, ya wuce. Gaisuwar ke nan, ba murya. Ni kuma na ce zan jure, fushin ɗa mai rai ai abin godiya ne. Uwarku ta fara yi masa tukunya daban ba gishiri, sai ta ga yana ci shi kaɗai kamar wanda aka ware, ta daina sa gishiri a tukunyar gida gaba ɗaya. Kin tuna kukan da kika yi, kina cewa miyar Inna ta mutu? Dalilin ke nan. Ya koma ƙofar gida, wurin zamansa na da, ya juya wa gulbi baya.

Ina ganin na yi dabara, har ranar da uwarku ta sake tsayawa a kaina a zaure. Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini abu a tafin hannu. Ƙwayoyi ne, farare da rawaya, sun fi ashirin, duk ƙura.

"Ƙarƙashin tabarmarshi na share su."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Malam, jirgin nan da ka kai Illo, da shi a ciki ka kai."

Ban je aji ba ranar. Na zauna da ƙwayoyin a hannu ina juya abin. In na mayar masa da jirgi, filafili zai kashe shi. In na hana shi, ga abin da ya zaɓa a tafin hannuna. Likita ya hana shi ja da ɗagawa, amma da na bi maganar dalla-dalla, ban tuna inda ya hana shi ruwa ba. Jirgi hannu yake so, bai damu da ko na wane ne ba.

Da na faɗa wa Mamman abin da na zo da shi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Kun san ni manomi ne, tun muna yara shi ne na ruwa, ni in na shiga jirgi gefe nake riƙewa da hannu biyu.

"Umaru, kai? Kai da ko a kwarya anka ba ka ruwa sai ka yi bisimilla uku?"

Duk da haka ya jawo mini jirgin har kusa da mashigarmu, ya kwance igiya, ya miƙo mini filafili ya ce sauran naka ne. Ranar kasuwa ce, gaɓa cike da mutane. Na soka filafili a dama, jirgi ya juya hagu. Na soka a hagu, ya juya dama. Kafin wani lokaci ina ta zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke, hulata ta faɗa ruwa, gaɓa ta kaure da ihu. Labari ya kai gida. Ina cikin juyi na uku ko na huɗu na hango shi yana saukowa a kan sandunansa, mutane suna ba shi hanya. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallona. Na ga yana cije leɓe. Ya jure juyi ɗaya, ya jure na biyu.

"Baba! Bar haƙa, ba rijiya ba ce! Kwantar da shi ka ja baya! Baya na ce! Wayyo, za ka kashe min jirgi!"

Muryar da na yi wata biyar ban ji ba ke nan, kuma da faɗa ta dawo. Ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. Na bi abin da ya ce har hancin jirgi ya taɓa laka. Na ce masa ga sharaɗina. Shi zai zauna a baya, ya riƙe ƙaramin filafili a ruwa yana juya kan jirgi kawai. Ja nawa ne. Buhu kuwa mai kaya ya ɗora abinsa. Sannan na zaro ƙwayoyin ranar daga aljihu, na miƙa masa da gorar ruwa, na ce wannan shi ne kuɗin shiga, kullum, a gabana. Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi jirgin, ya dubi hannuwana da suka riga suka yi ƙululu.

"Ba ka iyawa, Baba."

"To koya min."

Ya watsa su a baki ya kora. Ya miƙa wa wani sandunansa, ya dafa kafaɗata ya shiga.

Da muka koma Sakkwato na faɗa wa likita yadda muka yi, ya yi dariya ya ce in dai juya kai ne kawai, ya yarda, amma ranar da haki ya zo a sauka. Rabin fadamata na bar wa 'ya'yan Mamman suna nomawa, don mutum ba ya riƙe fartanya da filafili a rana ɗaya, shi ya sa kuka ga rumbunmu ya ragu. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sama da kunne yanzu. Zuciyar yayanku ba ta koma yadda take ba, kuma an gaya mana ba za ta koma ba. Wani zuwan a ce ta tsaya inda take, wani zuwan a ƙara ƙwaya. Akwai satin da ba ma fita ko kaɗan. Likita bai yi mini alkawarin shekaru ba, ni ma ba zan yi muku ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, in wani ya ce uwarku ta ɗinke takarda, ku ce masa ubanmu ne ya ɗinke bakinsa tun kafin nan, ita kuwa ita ta ba da reza.

Kasuwar da ta wuce mun ɗauko wata Hajiya 'yar kasuwa daga ƙetaren iyaka, ba ta san mu ba, zanen da Haliru ke rufe cinyarsa da shi kuma ya ɓoye mata komai. Ta dube ni ina ja ina gumi, ta juya ta dubi ƙaton saurayi a baya yana zaune da filafili a ruwa kamar mai kamun kifi. Abin ya ci mata rai.

"Kai saurayi, ba ka jin kunya? Tsoho na tuƙa ka kana zaune?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani, ya riga ni.

"Hajiya, koyo shike. Shekara huɗu ke nan, kanshi da tauri, har yau ban sallame shi ba."

Jirgi ya ɗauki dariya, har ita. Ni ban juyo ba, na ci gaba da ja. A raina na ce, ya Allah, kada ka kawo ranar da zai sallame ni.